Baƙo a Zauren Surukai: Gaisuwar Salla a Ƙasar Ƙaura Namoda da Shinkafi da Zurmi

1.0 Gabatarwa

Hausawa kan ce zumunta a ƙafa take. A cikin tafiye-tafiyen da ƙafa ke yi don zumunta, da wuya a sami wadda ta kai zuwa gaida surukai da Salla nauyi. Ɗan gari tun yana yaro yake ganin yadda mahaifinsa ke tuɓe takalmi a ƙofar zauren kakansa na wajen uwa, saboda haka ran da abin ya zo kansa ba ya bukatar malami. Baƙo kuwa, watau wanda aure ya shigo da shi cikin dangi daga wata ƙasa ko wata ƙabila, tilas ne ya koyi a kwana biyu ko uku abin da ɗan gari ya yi shekara ashirin yana koyo, kuma a gaban mutanen da ba za su taɓa buɗe baki su ce masa ya yi kuskure ba.

Maƙasudin wannan maƙala shi ne bayyana abin da irin wannan baƙo ke tararwa idan ya je Salla gidan surukansa na karkara a arewacin Jihar Zamfara, da dalilan da suka sa al'amarin ke yi masa wuya, da kuma hanyoyin da akan bi a sauke nauyin ba tare da mutuncin kowa ya zube ba. Akwai abin dariya a cikin batun, amma akwai abin da ya fi dariya. Ziyarar kwana biyu tana iya ɗaure aure tamau, tana kuma iya zama mafarin tsinkewarsa. Har wa yau daga yadda ta kasance ne ake gane ko 'ya'yan da aka haifa za su tashi da sanin kakanninsu na ƙauye, ko kuwa sai dai su ji labarinsu.

2.0 Ƙasar da Baƙinta

Garuruwan nan uku suna arewa da Gusau ne. Ƙaura Namoda ta samo sunanta daga Muhammadu Namoda, jarumin jihadin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, ɗan zuriyar Fulani Alibawa na Zurmi, wanda yana cikin waɗanda suka ci Alƙalawa, babban birnin Gobir, a 1808. Zurmi tana kan hanyar da ta nufi Jibiya da Katsina, kuma ƙasarta ta yi iyaka da Jamhuriyar Nijar. Shinkafi kuwa tana kan hanyar Isa da Sabon Birni, watau bakin ƙasar Gobir, ta kuma daɗe da yin suna saboda kasuwarta ta ranar Alhamis. Mutanen yankin gauraye ne na Zamfarawa da Fulani da Gobirawa da Katsinawa, kuma ƙasar tana ƙarƙashin Sakkwato har zuwa 1996 da aka ƙirƙiro Jihar Zamfara.

Baƙunta ba sabon abu ba ce a nan. A 1929 hanyar jirgin ƙasa da ta taso daga Zariya ta bi ta Gusau ta tuƙe a Ƙaura Namoda, sai garin ya zama matattarar gyaɗa da auduga, ya cika da ma'aikatan jirgi da akawuna da 'yan kasuwa, Yarbawa da Ibo da Nufawa da sauransu. Shirin bautar ƙasa da aka fara a 1973 ya riƙa kawo samari da 'yan mata daga kudu, haka kuma Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da aka kafa a Ƙaura a 1983. A ɗaya gefen, 'ya'yan ƙasar su ma sun bazu neman ilmi da fatauci da aikin gwamnati, da yawansu kuma sun yi aure a inda suka sauka.

Don sauƙin bayani ana iya kasa baƙin gida huɗu. Na farko su ne Hausawan birni, kamar na Kano da Kaduna da Abuja, waɗanda suke jin harshen amma suka yi nisa da al'adar karkara. Na biyu su ne 'ya'yan sauran ƙabilun Nijeriya. Na uku su ne Hausawan ƙetare, kamar na zangon Kumasi da Ankara, ko waɗanda aka haifa a Sudan da ƙasar Makka. Na huɗu su ne baƙi na sosai, Larabawa da Turawa da makamantansu. Ya kamata a lura da cewa, bisa shari'ar Musulunci, ba a aurar da Musulma sai ga Musulmi, alhali Musulmi yana iya auren Kirista ko Bayahudiya. Saboda haka namijin baƙo kusan kullum ya haɗa addini da surukansa, bambancin al'ada kaɗai ke gabansa. Mace baƙuwa kuwa tana iya fuskantar bambancin duka biyu.

3.0 Surukuta: Tsakanin Kunya da Wasa

Suruki shi ne mahaifin mata ko na miji, ko mijin 'ya. Suruka ko surukuwa ita ce mahaifiyarsu, ko matar ɗa. A karin harshen yamma sau da yawa akan ji "sarakkuwa" da "sarakkuta". Kalma ɗaya ce ke ɗauke da ɓangarorin biyu, na sama da na ƙasa, kuma wannan yana nuna cewa nauyin da ke tsakani kowa yana ɗauke da rabonsa. Kamar yadda yaro ke jin kunyar uban matarsa, haka dattijon ke jin kunyar mijin 'yarsa, balle ma in 'yar fari ce.

Ginshiƙin surukuta shi ne kunya. Kirk-Greene, a nazarinsa na 1974 kan mutumin kirki a wurin Hausawa, ya lissafa kunya tare da ladabi da haƙuri da karamci cikin halayen da ake auna mutum da su. Labarin Baba ta Karo, wanda Mary Smith ta buga a 1954, shi ma ya nuna yadda ɓoye suna da kaucewa haɗuwa suke cikin zaman dangi a ƙasar Zazzau tun kafin zuwan Turawa. A ƙasar Zurmi da Ƙaura kuwa, inda gidajen sarauta da na malanta da dama na Fulani ne, kunyar Bahaushe ta haɗu da ta Bafillace, wadda ake kira "semteende" a Fulatanci, abin ya ƙara kauri.

Amma al'adar ba ta toshe kowace ƙofa ba. Radcliffe-Brown ya yi bayani a 1940 cewa al'ummomin Afirka da yawa suna bin hanya biyu wajen zama da dangin aure: wasu a kauce musu don girmamawa, wasu kuma a yi wasa da su. Haka abin yake a nan. Iyayen mata da baffanninta da gwaggwanninta da yayyenta, duk na kunya ne. Ƙannenta, maza da mata, da kakanninta, na wasa ne. Mace ma haka take da ƙannen mijinta da kakanninsa. Babbar matsalar baƙo ita ce rashin sanin wane ne ke cikin wane rukuni. Tsohuwar da ta tare shi a tsakar gida tana cewa ga mijinta ya zo, me ya kawo mata, kakar matarsa ce, kuma in ya sunkuyar da kai ya yi shiru ya ba ta kunya. Matar da ta ja mayafi ta shige ɗaki da ganinsa, ita ce uwar matarsa, kuma in ya bi ta da fara'a yana tambayar lafiyarta ido cikin ido ya yi ɓarna.

4.0 Matakan Ziyarar

4.1 Lokaci da tsaraba

Ƙaramar Salla tana kamawa ran 1 ga Shawwal, babba kuma ran 10 ga Zulhajji. Da yake shekarar Hijira ta gaza ta rana da kimanin kwana 11, Salla tana zagaya yanayi duka: wata shekara baƙo ya tarar da zafin bazara a ɗakin kwano ba fanka, wata shekara taɓon damina, wata kuma ƙurar hunturu. A bisa al'ada ranar Salla ta gidan uba ce, washegari da kwanakin da ke biye su ne na surukai. Ma'aikacin da aka ba hutun kwana biyu yakan so ya yi komai a yini ɗaya ya juya, tsofaffi kuwa suna kallon gaggawar a matsayin ƙyamar wurin.

Tun kafin Salla akwai haƙƙoƙin da ake sa ran suruki ya sauke, kamar kayan azumi, watau gero da sukari da makamantansu, da kuma goron Salla. Da babbar Salla a gidaje da yawa akan keɓe wa surukai cinyar ragon layya. Wurin da baƙo ya fi yin tuntuɓe shi ne wajen rabo. Mutumin da ya tashi a gidan mace ɗaya yakan sayo atamfa mai tsada don uwar matarsa, ya manta da cewa akwai kishiyoyinta biyu ko uku a gidan, waɗanda su ma iyaye ne a wurin matar tasa. Turmi ɗaya da aka ba mutum ɗaya yana iya barin uwar matar cikin habaici har wata Sallar. Sabulu da turare da aka raba daidai sun fi mata kwanciyar hankali.

Yadda ake miƙa kyauta ma yana da ƙa'ida. Ba a danƙa wa suruki kuɗi a hannu a gaban jama'a. Akan tura su ƙarƙashin gefen tabarma ko buzu lokacin tashi, ko a aika da su ta hannun ƙanin matar. Dattijon ba zai buɗe tsaraba a gaban mai ita ba, iyakarsa ya ce madalla, Allah ya yi albarka. Baturen da ya saba a kwance kyauta a gabansa a yi ta yabo yakan ɗauka an raina abin da ya kawo, alhali godiyar tana tafe a baya, cikin tukwicin da za a ba ɗan aike da buhun gero ko zabin da za a ɗora masa a mota ran komawa.

4.2 Masauki

Gidan Bahaushe na karkara yana da iyakoki. Zaure na maza ne da baƙi, cikin gida na mata ne da muharramansu. Da isowa, matar sai ta wuce ciki ta ɓace cikin 'yan'uwanta, shi kuwa a sauke shi a shagon wani ƙaninta ko a gidan maƙwabci. Miji da mata ba su kwana ɗaki ɗaya a gidan iyayen matar, domin wannan rashin kunya ne babba. Nan take baƙo ya rasa tafintarsa da jagorarsa a daidai lokacin da ya fi bukatarta. In yana son magana da ita sai ya aiki yaro, ta fito soro a tsaye su yi a taƙaice. Ga kuma abubuwan da jiki bai saba da su ba, kamar wanka da bokiti a makewayi, da buta, da ruwan randa. Ƙin shan ruwan da aka tarye shi da shi yana da zafi a zuciyar masu gida. Masu dabara sukan kai kwanon baki su kurɓa kaɗan, sa'an nan su sha wanda suka zo da shi a ɗaki.

4.3 Gaisuwa da suna

Da hantsi ko bayan La'asar akan yi wa baƙo iso. Yakan tuɓe takalmi tun daga ƙofa, ya durƙusa nesa da shimfiɗar dattijon, ya kawar da ido, kuma ba ya miƙa hannu sai an miƙo masa. Da lamirin jam'i ake magana: "Baba, kun yi Salla lafiya?" Dattijon yakan amsa da "Malam" ko "Alhaji", ba da sunan yanka ba, ya tambayi hanya da mutanen gida da wurin aiki, a yi addu'a a shafa. Duk zaman bai fi 'yan mintoci ba. Uwar matar kuwa daga bayan labule ko asabari take amsawa, da murya ƙasa-ƙasa, wani lokaci ma kishiyarta ce ke amsawa a madadinta.

Kowane baƙo da irin tuntuɓensa a nan. Bature ya tashi da cewa kallon ido alamar gaskiya ce, kuma kiran suruki da sunansa alamar shaƙuwa. Duka biyun a zauren Zurmi fitsara ce. Bayarabe ya san girmama manya, har ma yakan kwanta rub da ciki, abin da ke ba dattawa sha'awa ko da yake wasu malamai ba su son ganinsa. Ɗan birni kuwa yakan ɗan rusuna da takalminsa a ƙafa, waya a hannu, kuma shi ne ake yi wa hukunci mafi tsanani, domin ana ganin ya sani take-sani ya yi.

Ɓoye suna ya fi shafar mace. Ba ta faɗin sunan uban mijinta ko na uwarsa, kuma duk yaron da ya ci sunan sai ta sakaya shi, ta ce "mai sunan Baba" ko "Abba" ko "Ummi". A wurin tsofaffin mata sakayawar takan kai har ga kalmar da ta yi kama da sunan, kamar matar da surukinta Sule ne ta ƙi ambaton sulen kuɗi. Bayarabiya ba ta shan wuya a nan, domin a al'adarsu ma amarya ba ta kiran dangin miji da suna, har yaran da ta tarar a gidan sai ta laƙaba musu wani.

4.4 Abinci

Suruki ba ya cin abinci a gaban surukinsa. Akan aika masa da shi masauki, kuma ba kwano ɗaya ba: uwar matar ta aiko, kishiyoyinta su aiko, gidan baffa da na gwaggo su aiko. Ga tuwon dawa da miyar kuka, ga tuwon shinkafa, ga masa, ga hoce, ga fura da nono. Ƙa'idar ita ce a taɓa kowane kwano, kada a share ko ɗaya. Kwanon da ya koma yadda ya zo saƙo ne, mai shi za ta ce ana ƙyamarta ko ana zarginta da wani abu. Kwanon da aka suɗe kuwa ya nuna haɗama, ya kuma hana yaran da ke jiran ragowa rabonsu.

Da babbar Salla akwai wani abin da kan ruɗa har Bakano. A ƙasar Kano suya ake yi wa naman layya. A ƙasar Sakkwato da Zamfara da Maraɗi kuwa gidaje da yawa tareni suke yi, watau a feɗe rago a baje shi a kan tsinkayen itace, a jera kewaye da wuta ya gasu a hankali, sai washegari a sassara a raba. Ranar Salla kayan ciki kawai ake taɓawa. Baƙon da bai sani ba yana iya zaton rowa ake yi masa.

4.5 Harshe

Wanda ya koyi Hausar littafi ko ta rediyo yakan tarar da wata Hausar a bakin tsofaffi. Ga kaɗan daga cikin bambance-bambancen:

me ka ce? : mi kac ce?
gidansa : gidanai
'yarsa : ɗiyatai
ya zo : ya zaka
wannan yaro : wanga yaro
kuɗi : kuɗɗi
i : awo

In tsohuwa ta ce "ina ɗiyan?", 'ya'yan duka take tambaya, ba 'ya mace ɗaya ba. Amma abin da ya fi karin harshe wuya shi ne zance a kaikaice. "Kun kwana biyu" ƙorafi ne na daɗewa ba a zo ba. "Har yanzu shiru?" tambaya ce kan haihuwa, kuma amsarta ita ce "Allah bai kawo ba tukuna", ba bayanin tsarin iyali ba. In dattijo ya ce "damina ta yi gardama bana", yana iya yiwuwa rumbu ya yi ƙasa ne, kuma ba zai faɗi fiye da haka ga mijin 'yarsa ba ko da yunwa za ta kashe shi.

5.0 Mace Baƙuwa a Gidan Miji

Namiji baƙo yana da zaure da masallaci da kasuwa, kuma kunyar da ake ji tasa tana kāre shi daga yawan bincike. Mace ba ta da wannan garkuwa, domin a tsakiyar gida take, ido a kanta tun asuba. Ana duba ko ta durƙusa ta gaida kowace ɗaka, ko ta karɓi tsintsiya ko taɓarya daga hannun uwar miji, ko ta yafa mayafi, ko ta kira mijinta da suna a gaban mutane. Al'ada ta ce baƙuwa ba ta aiki, al'ada kuma ta ce matar ɗa ba ta zama uwar miji na wahala. Mafita ita ce ta nemi aikin, a hana ta, ta sake nema, sa'an nan a ba ta mai sauƙi kamar tsintar shinkafa ko yankan kuɓewa. Wadda aka hana sau ɗaya ta koma ta zauna da wayarta, ta faɗi jarrabawar da ba ta san ana yi ba.

Ga kuma faccaloli, watau matan 'yan'uwan miji da ke zaune a ƙauyen, waɗanda ke ganin wannan ta birni ta sami hutu alhali su ne ke ɗawainiyar tsofaffi shekara da shekaru. In ba Musulma ba ce, akwai ƙarin nauyi, musamman tun daga shekarar 2000 da aka fara aiki da shari'ar Musulunci a kotunan jihar, inda sha'anin sutura da kamun kai ya ƙara ƙarfi a idon jama'a. Duk da haka tsofaffin mata sukan yi wa baƙuwa ta nesa uzurin da ba su yi wa 'yar gida. Kalma biyar ta Hausa a bakin Baturiya tana iya saya mata soyayyar unguwa guda.

6.0 Hanyoyin Samun Sauƙi

Hanya ta farko ita ce riƙe ɗan jagora. Ƙanin mata ko ƙanwar miji abokan wasa ne, saboda haka ana iya tambayarsu komai ba kunya, su kuma suna iya gyara wa baƙo kuskure cikin zolaya. Matambayi ba ya ɓata. Haƙƙin abokin aure ne ya haɗa baƙonsa da irin wannan mutum tun kafin a iso, ya kuma lissafa masa mutanen gida ɗaya-ɗaya da matsayin kowa.

Ta biyu ita ce wasan ƙabila. Akwai barkwanci tsakanin Gobirawa da Yarbawa, da tsakanin Fulani da Barebari, da tsakanin Katsinawa da Nufawa. Bayaraben da ya auro 'yar Gobirawan Shinkafi, ko Babarbaren da ya auro 'yar Fulanin Zurmi, ya tarar da ƙofa a buɗe: duk kuskuren da ya yi za a mayar da shi abin tsokana, a ce ai halinsu ne. Sai dai wannan wasa ba ya shiga tsakaninsa da surukinsa na kai tsaye.

Ta uku ita ce masallaci. Baƙon da aka gani a sahun Asuba, ya kuma bi jama'a zuwa idi da babbar riga da hula, ya riga ya biya rabin bashinsa, domin a sahu ne kaɗai yake tsayawa kafaɗa da kafaɗa da surukinsa ba tare da kunya ta shiga ba.

Ta huɗu ita ce jikoki. Kaka da jika abokan wasa ne, kuma abin da ba a iya faɗa wa uba akan faɗa wa ɗansa yana ji. Tsohon da ya ce wa jikansa ɗan shekara uku, "Kai, angon tsiya, sai yanzu ka tuna da mu?", da uban yake magana.

7.0 Kwatanci da Ƙasar Sin

Matsalar ba ta ƙasar Hausa kaɗai ba ce. A ƙasar Sin, inda Hausawa 'yan kasuwa suka san birnin Guwanzu sosai, bikin sabuwar shekara yana kamawa tsakanin 21 ga Janairu da 20 ga Fabrairu, kuma miliyoyin mutane ke barin birane su koma ƙauyukansu. A rana ta biyu ta bikin, bisa al'ada, matar aure takan je gidan iyayenta tare da mijinta. Baƙin da suka yi aure a can suna fama da abubuwan da aka lissafa a sama: karin harshen ƙauye da ya saɓa wa na makaranta, da tsaraba, da kuɗin da ake sa wa a jar ambulan a raba wa yara kamar barka da Salla, da tambayar yaushe za a haihu. Bambancin da ya fi fitowa fili yana wajen abinci. A can suruki yana nuna biyayya ne ta hanyar zama a teburi ɗaya da uban matarsa, ya ci duk abin da aka tura masa, ya sha duk abin da aka zuba masa. A Zamfara yana nuna ta ne ta hanyar ƙin haɗiyar ko loma ɗaya a gabansa. Manufar ɗaya ce, watau tabbatar wa dattijo cewa 'yarsa tana hannun mai ladabi, amma baƙon da ya ɗauki ma'aunin can ya kawo nan, ko na nan ya kai can, zai yi laifi da kyakkyawar niyya.

8.0 Sauyin Zamani

Tun daga wajejen 2011 ta'addancin 'yan bindiga da satar shanu da garkuwa da mutane suka addabi wannan yanki, kuma Zurmi da Shinkafi suna cikin wuraren da abin ya fi shafa. A watan Satumba na 2021 har an katse layukan waya a jihar, an kuma rufe kasuwannin mako na wani lokaci. Wannan ya taɓa surukuta ta fuska uku. Na ɗaya, baƙo mai mota da alamar samu ya zama abin farauta, har ya kai surukai da kansu ke aika masa cewa kada ya zo, maganar da a da ba ta fitowa daga bakin dattijo. Na biyu, gaisuwa ta koma ta waya, goro kuma ya zama kuɗin da ake turawa ta banki a karɓa a wurin masu na'urar cire kuɗi. Waya ta murya ta dace da kunya, domin ba a ganin juna, amma mai hoto ta tilasta wa suruka kallon fuskar da ta yi shekaru tana kaucewa. Na uku, kuma mafi nauyi, tsofaffi da yawa sun baro ƙauyukansu sun dawo Ƙaura ko Gusau ko Kano, wasu ma a gidan mijin 'yarsu suka sami mafaka. Mutumin da ba ya iya haɗa ido da surukinsa na mintoci biyar, yau ga shi yana ci daga tukunyarsa. A nan dattijon ne ya zama baƙo, kuma ya rage ga ɗan birnin ya san yadda zai raya masa kunyarsa, ya keɓe masa wuri, ya riƙa zuwa gaishe shi da takalmi a tuɓe kamar a zaurensa na gida.

9.0 Kammalawa

An ga cewa wahalar baƙo a gidan surukai ta samo asali ne daga tsarin da ya raba dangin aure gida biyu, na kunya da na wasa, ya kuma hana ɓangaren kunya yin gyara da baki. An ga kuma cewa al'adar da kanta ta tanadi ƙofofin shiga, ta hannun ƙanne da kakanni da jikoki da abokan barkwanci. Tsofaffin Ƙaura da Shinkafi da Zurmi ba su sa ran baƙo ya iya komai. Abin da suke dubawa shi ne ko ya zo, ko ya ƙasƙantar da kai, ko kuma ya dawo wata shekara da 'ya'yansa. Ya kamata masu nazarin al'ada su hanzarta tattara kalmomin surukuta da salon sakaya suna daga bakin tsofaffin wannan yanki, musamman waɗanda rashin tsaro ya raba da garuruwansu, tun suna da rai kuma suna iya tunawa.